Daga ayari zuwa cinikin kawo-wani: tarihin wasu kalmomin kasuwanci a Damargu

1. Gabatarwa

Tun daga shekarun 2000 wani salon ciniki ya bazu a Afirka ta Yamma, wanda ake kira marketing de réseau da Faransanci. A nan za mu kira shi cinikin kawo-wani, domin samun mai yin sa ya rataya ne a kan yawan mutanen da ya jawo. Masu tallarsa sukan bayyana shi da tsofaffin kalmomi guda uku: ubangida, la'ada da adashe. Manufar wannan ɗan nazari ita ce a duba abin da kalmomin ke nufi a tarihin Damargu, wato Tanut da Belbeji na jahar Damagaram, sannan a gwada su da sabon aikin da aka ɗora musu.

2. Damargu a zamanin ayari

A watan Janairu na 1851 Heinrich Barth ya sauka Tagelel tare da ayarin gishiri na Kel Ewey, kuma a nan ne ya rabu da abokin tafiyarsa Richardson. Ya tarar da Damargu ita ce rumbun Abzin: gishirin Bilma da Fashi na gangarowa kudu, hatsi na haurawa arewa. A zamanin Sarkin Damagaram Tanimun, wanda ya rasu a 1884, fataucin Tarabulus da Kano ya ƙarfafa ta wannan hanya. Stephen Baier, a littafinsa na 1980 kan tarihin tattalin arzikin tsakiyar Nijar, ya nuna yadda attajiran Gadamas suka riƙa ba wakilansu kaya bashi, da yadda gashin jimina ya ɗaukaka zango irin na Jajiduna. Malam Yaro na Damagaram ya yi suna a cikin wannan fatauci.

Abu uku suka riƙe tsarin. Na farko, ubangida shi ke fid da jari. Yakan ba yaronsa haja ko raƙuma, ya ciyar da shi, sau da yawa har ya yi masa aure. In ayari ya gamu da mahara, babbar asara tasa ce. Na biyu, dillali ba ya cin la'ada sai an sallama, wato sai kaya sun bar hannun mai su sun shiga hannun mai bukatarsu. Haka abin yake har yau a kasuwar dabbobi ta Bakin Birji. Na uku, adashe da'ira ce rufaffiya. Mata goma in suna zuba jikka guda kowane mako, kowace za ta kwashi jikka goma in layinta ya zo. Abin da ya shiga shi ke fita, kuma uwar adashe sananniya ce a unguwa.

Faransawa sun kama Damagaram a 1899. A 1911 Italiya ta afka wa Tarabulus, layin dogo kuma ya iso Kano. Fataucin hamada ya mutu, amma kalmominsa sun rayu a bakin jama'a tare da amanar da ke cikinsu.

3. Asalin cinikin kawo-wani

A Amurka aka ƙirƙiro shi. Kamfanin Nutrilite ya fara aiki da tsarin a 1945, sannan biyu daga cikin masu sayar masa, Jay Van Andel da Rich DeVos, suka kafa Amway a 1959. Forever Living ya biyo baya a 1978, Tiens na ƙasar Sin a 1995, QNET kuma a Hong Kong a 1998 da sunan GoldQuest. Hanyar iri ɗaya ce: mutum ya sayi kaya ko ya biya kuɗin shiga, ya zama wakili, ya kawo wasu, a ba shi kaso daga abin da suka saya.

Jayayya a kansa ta daɗe. Faransa ta haramta abin da dokarta ta kira vente à la boule de neige tun 1953. A 1979 hukumar kula da ciniki ta Amurka ta yanke cewa tsarin Amway bai saɓa wa doka ba, bisa hujjar cewa kamfanin na tilasta wa wakilansa sayar da kaya ga mutanen waje. A 1998 ƙasar Sin ta dakatar da wannan ciniki baki ɗaya. A 2016 Herbalife ya yarda ya biya dalar Amurka miliyan 200 ya kuma sake tsarin biyansa, bayan hukumar ta zarge shi da cewa mafi yawan wakilansa ba su samun abin kirki.

Wajibi ne a bambanta shi da ɗan'uwansa wanda ba ya da haja ko kaɗan. ICC-Services ta Benin, wadda ta rushe a 2010 da kuɗin jama'a fiye da miliyar 100 na sefa, da MMM wadda ta rufe asusun ƴan Nijeriya a Disamba 2016, kuɗin na baya kawai suke ba na gaba. Kamfanonin kawo-wani suna da sabulu, shayi, agogo ko ƙwayoyin ƙarin abinci, kuma wasunsu kan ce ƴan damfara ne ke ɓata musu suna. Tambayar da masu suka ke yi guda ce: kason wakili daga mai sayen waje yake fitowa, ko daga aljihun sabon shiga?

4. Yadda ma'anoni suka juya

Da Faransanci wanda ya kawo ka shi ne parrain, kai kuma filleul. Idan aka mai da su ubangida da yaro, mai sauraro zai ji tsohon alkawarin ayari. Amma a nan yaro ne ke fid da jari, ubangida ya ci daga ciki, kuma in kaya suka kwanta a ɗaki asarar ta yaro ce shi kaɗai. La'ada kuwa ta rabu da sallamawa, tunda ana iya samunta ko da ba a sayar wa kowa kome ba a waje, muddin sabon wakili ya biya. Adashe kuma, da yake rufaffe ne, ba ya bukatar baƙo kafin ya biya kowa. Wannan kuwa da zarar baƙi sun ƙare ya tsaya.

Lissafi ya isa shaida. A tsarin hagu da dama, kowa zai kawo mutum 2: hawa na farko 2, na biyu 4, na goma 1,024, na 19 kuwa 524,288. Ƙidayar 2012 ta ba Tanut mutum kimanin 429,000, Belbeji kimanin 96,000. Ke nan hawa na 19 shi kaɗai zai cinye kusan Damargu duka, har jarirai. Kuma ko a wane hawa aka tsaya, rabin waɗanda suka shiga suna ƙasa, sun biya ba su kawo kowa ba. Wannan ba ragwancin wakili ba ne, ginin ne haka.

5. Abin da Damargu ke iya asara

Ƙasa ce da ta sha fari a 1973, 1984 da 2005, wadda matasanta ke tafiya ci-rani Kano, Agadas da Libiya. Jarin gida a nan akuya ne, ko damin hatsi, ko ɗan abin da ɗa ya aiko. In aka sayar da su don kuɗin shiga, ba a mai da su a damina guda. Bayan haka, wakili ba ya samun wanda zai jawo sai wanda ya yarda da shi: ƙane, suruki, abokin makaranta. Shi ya sa mai talla yakan zama wanda aka cuta kuma wanda ya cuta, ya rasa kuɗi ya haɗa da zumunci. Hausawa na cewa zumunta a ƙafa take; a nan ita ce hajar da ake kashewa.

6. Kammalawa

Tarihin kalmomin nan uku ya bar mana ma'auni mai sauƙi wanda ba ya bukatar ilimin lakwal. Wa ya fid da jari? Wa ya sayi kayan don amfanin kansa? In aka daina kawo sabbin mutane, kowa zai sami nasa? Ubangidan ayari, dillalin Bakin Birji da uwar adashe duk suna iya amsawa a gaban jama'a. Ya kamata masu fassara a gidajen rediyon karkara da malaman yaƙi da jahilci su guji ara wa sabon cinikin waɗannan sunaye kafin shi ma ya amsa.