Tsofaffin Taswirorin Kano da Tarihin Itace

Duk wanda ya shimfiɗa tsofaffin taswirorin Kano a gabansa, yana son sanin inda birnin nan yake samun itacen girki da azarar gini, zai tarar takarda ta yi masa rowa.

Clapperton ya shigo Kano a 1824, Barth kuwa, wanda aka sani da Abdulkarim, a 1851. Zanen da Barth ya yi wa birnin ya nuna ganuwa da ƙofofinta, da Dala da Goron Dutse da Jakara, da kuma makeken filin noma a cikin badala. Hanya da kasuwa ne suka dami waɗannan matafiya. Bayan Turawa sun ci Kano a 1903 sai awo ya koma na haraji, malaman taki suna auna gonaki da ƙafa. Daga nan ƙasa ta rabu biyu a kan takarda: ga gona, ga daji. Dajin da aka killace, irin na Falgore a kudancin Kano, shi ya sami iyaka da suna. Ɗorawa da kuka da gawon da manomi ya bari a gonarsa kuwa ba su sami gurbi ba.

To, a nan ne mai nazari zai yi hattara, domin rashin alama ba rashin itace ba ne. Sunayen da ke kan taswirar ma sun fi zanen gaskiya. Kasuwar da Sarki Muhammadu Rumfa (1463–1499) ya kafa ana kiranta Kurmi. Ga Ɗorayi, ga Durumin Iya, ga Kasuwar Rimi. Kowanne shaida ne na abin da ya taɓa tsayawa a wurin.

Hoton da aka ɗauka daga jirgin sama shi ya warware matsalar, don kuwa yana nuna bishiya ɗai-ɗai. Da Michael Mortimore da abokan aikinsa na Jami'ar Bayero suka gwada hotunan shekaru daban-daban da ƙirgen da suka yi a gonaki, a binciken da aka buga a 1990, sai suka tarar itatuwan karkarar da ke kewaye da birni ba su ragu ba, duk da yawan jama'a. Manomi sassabe reshe yake yi, ya ɗora wa jaki, ya bar uwar. Saran da ya yi ɓarna can nesa aka yi shi, a dazuzzukan kudu, inda manyan motoci suke lodi.