Talaucin Ganin Dama a Addinin Kirista

Talaucin ganin dama shi ne mutum ya rabu da dukiyarsa da kansa, ba don tilas ba, sai don ya bi tafarkin Yesu Almasihu. Asalinsa na cikin Linjila. A Matiyu sura 19, Yesu ya umarci wani saurayi mai arziki ya sayar da mallakarsa ya ba matalauta, saurayin ya kasa. A Luka sura 14 kuma ya gargaɗi masu son zama almajiransa su fara lissafin abin da bin sa zai jawo musu. Littafin Ayyukan Manzanni ya nuna cewa masu bi na farko a Urushalima suna tara dukiyarsu wuri guda, kowa ya samu gwargwadon buƙatarsa.

A Masar ne wannan koyarwa ta zama tsarin rayuwa. Antoni, wanda aka haifa wajen shekarar 251, ya ji an karanta labarin saurayin nan a majami'a, sai ya raba gonakin gadonsa ya shiga hamada. Tarihinsa da Atanasiyus na Iskandariya ya rubuta ya yaɗa zuhudanci har Turai. Pakomiyus kuwa ya tara masu zuhudu a gida ɗaya a kudancin Masar. A ƙarni na shida, dokar zuhudu ta Benedik ta haramta wa ɗan zuhudu mallakar komai, amma ta bar wa gidan ibada damar riƙe dukiya. Sannu a hankali gidajen suka tara filaye, suka zama manyan masu ƙasa alhali mazaunansu sun yi alkawarin talauci.

Bunƙasar kasuwanci a biranen Turai ta farfaɗo da batun talaucin ganin dama. Wajen 1173 wani attajirin Liyon a Faransa, Waldo, ya raba dukiyarsa ya shiga wa'azi. Saboda wa'azi ba da izini ba, Ikilisiya ta la'anci mabiyansa a 1184. Faransis na Asisi, ɗan wani ɗan kasuwar yadi a Italiya, ya fi shi sa'a. Ya tuɓe tufafinsa a gaban bishof ya mayar wa mahaifinsa. Daga baya Paparoma Innosent na III ya amince da tafiyarsa wajen 1209, aka tabbatar da dokar ƙungiyarsa a 1223. Abin da ya bambanta ta shi ne ƙungiyar kanta ba za ta mallaki komai ba, 'yan'uwa kuma ba za su karɓi kuɗi ba. Da aikin hannu da bara za su ci.

Bayan rasuwarsa a 1226 mabiyansa suka yawaita, suka buƙaci makarantu da littattafai. Aka samo dabara: kayan na fadar Paparoma ne, 'yan'uwa amfani kawai suke yi. Masu tsauri suka ce wannan wayo ne. A 1318 aka ƙona huɗu daga cikinsu a Marsel. A 1322 Paparoma Yohanna na XXII ya ƙi ci gaba da riƙe musu kayan, a 1323 kuma ya yanke hukuncin cewa ɓata ce a dage kan cewa Almasihu da manzanninsa ba su mallaki komai ba.

Martin Luta ya soki alkawuran zuhudu a 1521, yana mai cewa ceto ba ya samuwa ta wurinsu. Duk da haka, a 1528 wasu Kiristoci da ake kira 'yan Anabaftis a Morabiya suka koma ga haɗa dukiya, kuma zuriyarsu, Hutarawa, suna kan haka a Kanada da Amurka. A 1937 malamin addini ɗan Jamus Dietrich Bonhoeffer ya fitar da littafinsa kan bin Almasihu, inda ya soki alheri mai araha wanda ba ya neman sadaukarwa. 'Yan Nazi suka rataye shi ranar 9 ga Afrilu, 1945.

A yau talauci na cikin alkawura uku da masu zuhudu na Katolika ke ɗauka, tare da kamewa daga aure da biyayya. A yawancin ƙungiyoyi, har da na Faransis, mutum ba ya riƙe kadara ta kansa, ƙungiya ce ke kula da ita, wato tsarin Benedik ne ya fi ɗorewa.