Alhakin mai kare idan ya fita da shi

Duk wanda ya fito da kare kan titi, alhakin abin da karen ya aikata yana wuyansa. Babban kare yana buƙatar gajeriyar igiya mai ƙwari a hannun baligin da zai iya riƙe shi, da takunkumi idan mai cizo ne. Ƙarami ma ba a sakinsa, domin haushinsa kan tunzura manyan karnuka, kuma cizonsa yana iya yaɗa cutar haukar kare. A cewar Hukumar Lafiya ta Duniya, cutar tana kashe kimanin mutum 59,000 duk shekara, akasari a Afirka da Asiya. Saboda haka wajibi ne a yi wa kare rigakafi. Wanda aka ciza kuwa, ya wanke wurin da ruwa da sabulu tsawon minti 15, ya garzaya asibiti.