Yadda Jan Ganyen Kaka Ya Shiga Lambunan Ingila

A ƙasashen sanyi, daga ƙarshen Satumba zuwa Nuwamba, yini yakan gajarce, itatuwa masu kaɗe ganye kuma su fara janye abincin da ke cikin ganyensu kafin hunturu. Sinadarin da ke sa ganye kore sai ya lalace, rawayan da yake rufewa ya fito fili. Wasu itatuwan har sabon sinadari ja suke sarrafawa, musamman in an sami rana da yini da sanyi da dare. A daidai lokacin ne 'ya'yan ƙananan itatuwa, masu reshe tun daga gindi, suke nuna. Yau da wuya a bi layin gidaje a Ingila a watan Oktoba ba a ga shinge ya yi ja wur ba. Sai dai yawancin wannan jan baƙo ne, domin itatuwan ƙasar na asali galibinsu rawaya ko ƙasa-ƙasa suke komawa.

Mutanen dā ba don adon lambu suke barin irin waɗannan itatuwa kusa da gida ba. Holi, mai ganye da ƙaya da jajayen 'ya'ya, reshensa ake sara a ƙawata ɗaki da Kirsimeti. Rowan a bakin ƙofa ake dasa shi, musamman a Sikotland, don an yi imani yana korar mayu. Akwai wani ƙaramin itace mai 'ya'ya ruwan hoda, waɗanda kan tsage su nuna ƙwaya ruwan lemo a ciki. Kyansa bai dami kowa ba, icensa mai tauri ake so don fiƙe mazari da tsinken nama. 'Ya'yan barberi masu tsami kuwa dafa su ake yi da sukari a ajiye.

Canji ya faro ne daga Amurka. A farkon shekarun 1730 wani ɗan kasuwar yadi a Landan, Peter Collinson, ya ƙulla wasiƙa da John Bartram, manomi a kusa da Filadelfiya. Bartram yakan shiga daji da kaka ya tara iri, ya shirya akwatuna, kowanne da nau'i kusan 100, Collinson ya sayar wa masu manyan gidaje a kan kuɗi gini 5 duk akwati. Lord Petre na Thorndon Hall, ɗaya daga cikin masu sayen, ya dasa dubban itatuwan Amurka kafin ya rasu a 1742. Ta wannan ciniki ne jan mapul da sumak da danginsu suka yawaita a gandayen masu hali, kuma a 1765 Sarki George na III ya naɗa Bartram masanin tsirrai na fada.

Iri yana jure tafiyar teku, amma ɗanyen tsiro ba ya jurewa: iskar gishiri da ƙarancin ruwan sha sukan kashe shi a hanya. Maganin ya fito daga hannun wani likita a gabashin Landan, Nathaniel Ward, wanda a 1829 ya lura tsiro ya fito kuma ya rayu cikin rufaffiyar kwalba, raɓar da ta taru a gilashi tana komawa ƙasa. A 1833 ya aika akwatunan gilashi biyu cike da tsirrai zuwa Sidni, suka isa lafiya bayan watanni a teku. Da yarjejeniyar Nanjin ta 1842 ta tilasta wa Sin buɗe tashoshin ruwanta, sai aka tura Robert Fortune a 1843 da irin waɗannan akwatuna. Kamfanin Veitch mai sayar da dashe ya aika ɗan gidansa Japan a 1860, sannan ya tura Ernest Wilson Sin a 1899. Wani barberi da Wilson ya kawo, mai 'ya'ya launin murjani, sunan matarsa aka sa masa. George Forrest ya yi tafiya bakwai zuwa Yunnan daga 1904, can ya rasu a 1932. Littattafai sukan ambaci waɗannan Turawa su manta da 'yan ƙasar da suka hau duwatsun suka tsinko irin, alhali yawancin aikin Forrest a hannunsu yake.

Cikin abin da ya fito daga Sin, kotoniyasta mai shimfiɗa ya fi shiga gidajen talakawa. Wani limamin Katolika Bafaranshe, Armand David, ya aika irinsa Paris a ƙarshen ƙarni na 19. Rassansa a jere suke gefe da gefe kamar ƙayar kifi, yakan manne da bango ba tare da an ɗaure shi ba, da kaka kuma ƙananan ganyayensa su yi ja kafin su zube su bar 'ya'ya cunkus a kan reshe.

Da farko abin na masu fili ne. Robert Holford ya fara gandun Westonbirt a 1829, daga baya shi da ɗansa George suka keɓe fage guda ga mapul na Japan, wanda har gobe yake jan 'yan kallo duk Oktoba. Tsakanin 1919 da 1939 aka gina gidaje kusan miliyan 4 a Birtaniya, da yawansu da ɗan fili gaba da baya. Mai irin wannan gida ba shi da wurin babban itace kuma ba shi da mai kula da lambu, don haka ƙaramin itace mai juriya ya fi masa. Da aka fara sayar da dashe cikin tukwane bayan Yaƙin Duniya na Biyu, sai kowa ya iya saye a kowane wata ya dasa.

Tsuntsaye ma sun sami rabo, har da masu zuwa daga Sikandinebiya da hunturu. Su ne kuma suka fitar da irin daga lambu, suna kashinsa a kan duwatsu da makiyaya. Amurka ta riga ta ga haka. Tun 1865 Anton de Bary ya tabbatar cewa cutar tsatsar alkama tana yin wani zango na rayuwarta a jikin barberi na Turai, kuma bayan annobar 1916 aka fara tumɓuke shi a jihohin alkama a 1918. Aka tallata na Japan a madadinsa don cutar ba ta kama shi, shi kuma ya mamaye dazukan arewa maso gabas, har jihar Massachusetts ta hana sayar da shi a 2009. A Ingila kotoniyasta ya rufe filayen farar ƙasa, irin na tsibirin Portland, yana danne furannin asali. A 2010 aka sa wasu nau'o'insa cikin jerin dokar kare namun daji da karkara ta 1981: mutum na iya ajiye shi a lambunsa, amma dasa shi a daji ko sa shi ya bazu can laifi ne.