Amina Lawal: waye ya yanke mata hukunci, waye ya sake ta? Zare 🧵

1/ Duk shari'ar da aka taɓa yi a kudancin Katsina, babu wadda duniya ta sani kamar ta Amina Lawal. Amma tambayi matasa goma a Yankara ko Sheme yadda ta ƙare. Wani zai ce an jefe ta. Wani zai ce Obasanjo ya yi mata afuwa. Wani zai ce Turawa suka ɗauke ta. Ko ɗaya ba haka ba ne.

2/ Ina cikin wasu 'yan sa-kai da muke tattara tarihin yankin Funtua muna tacewa da Hausa. Mun rubuta kan auduga, kan layin dogo, babu wanda ya ɗaga murya. Da muka zo kan Amina, mako uku muna cacar baki a kan sakin layi ɗaya. Bari in ba ku labarin, da wuraren da muka yi ta karo.

3/ Ga waɗanda ba a haifa ba lokacin: Oktoban 1999 Ahmad Sani Yariman Bakura ya ƙaddamar da Shari'a a Gusau. Jihohi 12 suka shiga sahu, har da Katsina a zamanin Umaru Musa 'Yar'adua. Kotunan da a da aure da gado da bashi ne yawancin aikinsu, sai ga su da ikon yanke haddi.

4/ Amina 'yar Kurami ce, a ƙaramar hukumar Bakori. Bazawara ce, ta haihu ba ta da aure. Farkon 2002 'yan sanda suka kai ta kotun Shari'a ta Bakori tare da mutumin da ta ce shi ne uban 'yar. Shi ya musanta, ya rantse da Alƙur'ani, aka sallame shi. Ita aka ce ta yi iƙirari, ga kuma jaririya a hannu. Watan Maris aka yanke mata rajamu, wato jifa har mutuwa. Ba ta da lauya.

5/ Rigimar farko ƙarama ce amma ta nuna mana inda muka dosa. Rubuce-rubucen waje da yawa cewa suke kotun Funtua ce ta yanke hukuncin a Maris. A'a. Bakori ce. Funtua ɗaukaka ƙara aka kai, ita kuma ta tabbatar da hukuncin ranar 19 ga Agusta 2002. Ko ranar Bakorin ma, wasu 20 ga Maris suke rubutawa, wasu 22.

6/ Wani a cikinmu ya ce, "To meye a ciki? Bakori da Funtua ai duk ɗaya ne ga mai karatu a Landan." Na ce ga ɗan Landan kenan. Mu da muka san hanyar, mun san kotu biyu ce, alƙalai daban, mataki daban. In ka haɗe su, ka goge ɗaukaka ƙara guda daga tarihi.

7/ Babban karon kuwa a kan kalma ɗaya ne: me ya faru ranar 25 ga Satumba 2003? Ɓangare guda ya rubuta "an yi mata afuwa sakamakon matsin lambar duniya". Ɗaya ɓangaren ya goge, ya sa "an sake ta saboda kuskuren takarda". Kowa na ganin shi ne ba ya son kai.

8/ Afuwa dai ba ta taso ba sam. Afuwa mai laifi ake yi wa, kuma gwamna ko shugaban ƙasa ke yinta. Abin da ya faru shi ne Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta Jihar Katsina, ƙarƙashin Alƙalin Alƙalai Aminu Ibrahim, ta soke hukuncin kotunan biyu ta wanke Amina. Alƙalai biyar suka zauna, huɗu suka soke, ɗaya ya tsaya a kan hukuncin.

9/ "Kuskuren takarda" kuma rabin gaskiya ne. E, akwai batun tsari: dokar jihar ta ce alƙali ya zauna da mambobi biyu, na Bakori shi kaɗai ya zauna. Amma ku dubi sauran dalilan, waɗannan ba takarda ba ne, fiƙihu ne tsantsa.

10/ Na ɗaya, iƙirari. Kotu ta ce iƙirari sau ɗaya bai wadatar ba a zina, kuma wanda ya yi iƙirari yana da damar janyewa matuƙar ba a zartar da haddi ba. Amina ta janye nata a Funtua, kotun can ta ƙi karɓa. Ƙissar Ma'izu da muke ji a wajen karatu, ita aka yi ta jujjuyawa a gaban alƙalai.

11/ Na biyu shi ne wanda ya fi rikita 'yan jaridar waje: kwantaccen ciki. A mazhabar Malikiyya, cikin macen da ba ta da miji yana iya zama hujjar zina, saɓanin sauran mazhabobi uku. Amma ita dai Malikiyyar ce ta ce ciki na iya kwantawa har shekara biyar bayan rabuwa da miji, kuma in an haihu cikin wannan wa'adi, ana jingina ɗan ga tsohon mijin. Sakin Amina bai kai shekara biyar ba.

12/ Kun gani ko? Ƙofar da aka shigar da ita, a jikinta ma aka samu mafita. Kakanninmu mata sun san maganar kwantaccen ciki tun kafin a haifi lauyoyin. Wani abokin aikinmu ɗalibin likitanci ya dage sai mun rubuta cewa kimiyya ba ta yarda da wannan ba. Muka ce gaskiya ne, muka sa jimla ɗaya. Amma aikinmu a nan mu faɗi abin da kotu ta dogara da shi, ba abin da asibiti zai ce ba.

13/ To matsin lambar duniya fa, ƙarya ce? A'a, an yi ta, kuma da ƙarfi. Wasu 'yan takarar sarauniyar kyau ta duniya ta 2002 sun ƙi zuwa Najeriya saboda Amina. Amma nan ma a kula: rikicin Kaduna na Nuwamban 2002, da aka rasa rayuka sama da 200, wani rubutu a jaridar ThisDay ne ya tayar da shi, har aka mayar da gasar Landan. Masu cusa shi cikin labarin Amina kamar ita ce sanadi, sun zalunce ta.

14/ Ga wanda ya fi ba ni mamaki. A 2003 wani saƙon imel ya zaga duniya da sunan Amnesty reshen Sifaniya, yana cewa Kotun Ƙolin Najeriya ta tabbatar da hukunci, za a jefe Amina ranar 3 ga Yuni. Shari'ar ko ƙofar Kotun Ƙoli ba ta je ba. Ranar 3 ga Yunin nan, ranar zaman sauraron ƙara ce a Katsina, aka kuma ɗage zuwa Agusta.

15/ Su wa suka fito suka ƙaryata? Ba masu goyon bayan jifa ba. Ƙungiyar BAOBAB ce, masu taimaka wa Amina. A Mayun 2003 Ayesha Imam da Sindi Medar-Gould suka fitar da wasiƙa suna roƙon duniya ta daina aiko takardun koke masu ɗauke da ƙarya, domin suna iya harzuƙa mutane su jawo wa Amina da lauyoyinta haɗari.

16/ Misalin da suka kawo na maƙwabtanmu ne. Bariya Magazu, yarinyar da kotun Tsafe ta yanke wa bulala, nan gaba da Yankara kaɗan a hanyar Gusau. Hayaniyar waje ta yi yawa, sai aka gaggauta yi mata bulala 100 a Janairun 2001, ana cikin shirin ɗaukaka ƙara.

17/ Saboda haka muka ƙi rubuta "matsin lamba ya cece ta", muka kuma ƙi rubuta "matsin lamba bai yi komai ba". Hukuncin kotu bai ambaci wasiƙar kowa ba. Abin da ke zuciyar alƙali kuwa ba ya cikin fayil. Mun faɗi an yi kamfe, mun faɗi dalilan kotu, ba mu ɗaura igiya tsakaninsu ba. Ni a ganina surutun ya taimaka wajen jawo ido da kuɗin lauyoyi, amma gani nawa ne, a nan zaren zai tsaya.

18/ Lauyoyi ma an yi ja-in-ja. Duniya Hauwa Ibrahim ta sani, wadda Majalisar Turai ta ba kyautar Sakharov a 2005, kuma ta yi aiki a shari'ar. Amma wanda ya jagoranci muhawara a gaban alƙalai Aliyu Musa Yawuri ne, da tallafin ƙungiyar WRAPA. Duka biyun muka sa. Mai son karanta zaman kotun da kansa, Philip Ostien na Jami'ar Jos ya buga fassarar fayil ɗin a 2007. Da Hausa aka yi zaman, amma Turancinsa ya fi sauƙin samu. Abin haushi.

19/ Sunan jaririyar yana ko'ina a intanet. Mun cire shi. Yanzu ta haura shekara 20, ba ta kai ƙarar kowa ba, ba a kai ƙararta ba. Nan kaɗai ne ba a yi gardama ba.

20/ Jimlar da kowa ya sa hannu a ƙarshe, kowa kuma yana ɗan ɓata rai: kotun Shari'a ta yanke mata rajamu, kotun Shari'a ta tabbatar, kotun Shari'a ta soke. Irin haka aka yi wa Safiya Husaini ta Tungar Tudu a Sakkwato a Maris 2002. Tun dawo da haddi zuwa yau, babu wanda aka jefe bisa hukuncin kotu a Najeriya.

21/ Saura magana ɗaya da har yanzu ba mu daidaita ba. Sani Yakubu Rodi. Kotun Shari'a a Katsina ta same shi da laifin kashe wata mata da 'ya'yanta biyu, aka rataye shi a gidan yarin Kaduna ranar 3 ga Janairu 2002, wata biyu kafin hukuncin Bakori. Shi ne na farko da aka kashe ƙarƙashin sababbin dokokin. Bai da lauya, bai ɗaukaka ƙara ba. Wasunmu na cewa kisan kai daban, zina daban, kada a gwama. Ni na ce jiha ɗaya ce, shekara ɗaya, tsarin kotu ɗaya, ko layi biyu ne a ba shi. Shafin Amina ya kai kalma dubu biyu. Nasa har yau take ne kawai.