Bunƙasar Makamashi Mai Sabuntuwa a Nijeriya, 2015 zuwa 2025: Inda Manufar Gwamnati Ta Dosa da Inda Jama'a Suka Nufa

Tsakure

Wannan maƙala ta yi nazarin yadda makamashi mai sabuntuwa, musamman lantarki mai amfani da hasken rana, ya bunƙasa a Nijeriya cikin shekaru goma bayan fitar da manufar ƙasa ta 2015. An bi diddigin dokoki da manufofi da manyan ayyukan da aka tsara, tare da mayar da hankali kan jihohin Arewa. Nazarin ya gano cewa manyan tashoshin da aka yi niyyar haɗawa da babban layin wuta na ƙasa sun tsaya cik saboda kasuwar lantarki ba ta iya biyan bashinta, alhali ƙananan na'urorin sola sun yaɗu a gidaje da kasuwanni da gonaki sakamakon tsadar fetur. Maƙalar ta nuna cewa wannan bunƙasa ta masu hali ce, kuma tana iya ƙara raunana babban layin da talaka ya dogara da shi.

Muhimman kalmomi: makamashi mai sabuntuwa, hasken rana, ƙaramar tashar al'umma, Dokar Lantarki ta 2023, Arewacin Nijeriya.

1.0 Gabatarwa

Ƙarfin da aka girka a tashoshin lantarki na Nijeriya ya kai kimanin megawat 13,000, amma abin da ke isa ga jama'a yawanci bai wuce megawat 4,000 zuwa 5,000 ba, ga al'ummar da ta haura mutum miliyan 200. A ƙiyasin Bankin Duniya na 2021, 'yan Nijeriya miliyan 85 ba su da wutar gwamnati kwata-kwata. Mafi yawan wutar daga iskar gas ake samar da ita a Kudu, sauran kuma daga madatsun Kainji da Jebba da Shiroro da Zungeru, waɗanda ke yankin jihar Neja da iyakarta da Kwara. Ke nan Kano da Katsina da Sakkwato da Maiduguri suna can ƙarshen igiya, duk da cewa su ne suka fi ko'ina samun hasken rana a ƙasar.

Tambayar da maƙalar ta sa a gaba ita ce: me ya sa manufofin da aka rubuta da kyau suka kasa gina manyan tashoshin hasken rana, alhali faifan sola ya cika rufin gidaje ba tare da wata doka ta tilasta ba?

2.0 Hanyar Gudanar da Bincike

An dogara ga nazarin takardu: dokokin 2005 da 2023, manufar makamashi ta 2015, ƙa'idojin hukumar kula da lantarki ta NERC, da bayanan da hukumar samar da lantarki a karkara ta REA da Bankin Duniya suka wallafa. An kwatanta burin da kowace takarda ta ayyana da abin da aka gani a ƙasa.

3.0 Tarihin Manufofin a Taƙaice

Dokar gyaran ɓangaren lantarki ta 2005 ce ta share fagen rusa tsohuwar hukumar lantarki ta NEPA, ta kuma tanadi kafa NERC da REA. A watan Nuwamba na 2013 aka miƙa kamfanonin samar da wuta da na rarraba ta ga 'yan kasuwa, gwamnati ta riƙe kamfanin dakon wuta na TCN. A 2015 aka amince da manufar ƙasa kan makamashi mai sabuntuwa da tattalin amfani da shi, daga bisani aka ɗora burin samar da megawat 30,000 zuwa 2030, kashi 30 cikin ɗari daga makamashi mai sabuntuwa. A taron sauyin yanayi na Glasgow a 2021 Shugaba Muhammadu Buhari ya yi alkawarin cewa zuwa 2060 hayaƙin da ƙasar ke fitarwa ba zai wuce wanda take iya shafewa ba. Manufofi dai ba su yi ƙaranci ba.

4.0 Manyan Tashoshin da Suka Tsaya a Takarda

A watan Yulin 2016 kamfanin gwamnati mai sayen wuta a dunƙule, wato NBET, ya rattaba hannu kan yarjejeniya da kamfanoni 14 don gina tashoshin hasken rana masu ƙarfin fiye da megawat 1,000, akasarinsu a Arewa, ciki har da na Kankiya a jihar Katsina da Ganjuwa a jihar Bauchi. Farashin da aka amince shi ne senti 11.5 na dalar Amurka kan kowane kilowat na awa ɗaya. Ba a gina ko ɗaya daga cikinsu a wa'adin da aka ɗiba ba.

Dalilin yana buƙatar a tsaya a kansa, domin shi ne ƙashin bayan wannan nazari. Tashar hasken rana ba ta sayen mai, kusan dukkan kuɗinta a ranar gini ake kashe su, sannan a dinga mayarwa a hankali cikin shekara ashirin. Bankin da zai ba da irin wannan rance abu ɗaya yake tambaya: wa zai biya, kuma in ya kasa wa ya tsaya masa? A tsarin Nijeriya kuɗi na tasowa ne daga mai gida zuwa kamfanin rarraba wuta, daga nan zuwa NBET, sannan zuwa mai tasha. Igiyar tun daga tushe take tsinkewa. Har ƙarshen 2024 fiye da rabin masu amfani da wuta ba su da mita, ana yi musu kuɗin ƙiyasi da yawancinsu ke gani a matsayin zalunci, don haka ba sa biya da daɗin rai. Kamfanonin rarraba wuta na miƙa wani kaso ne kawai na abin da ake bin su. Farashin da aka ƙayyade kuma shekaru da dama bai kai kuɗin samar da wutar ba. A 2025 kamfanonin samar da wuta sun ce bashin da suke bi ya kai kusan naira tiriliyan 4.

Saboda haka masu zuba jari suka nemi Ma'aikatar Kuɗi ta tsaya musu da lamuni. Ita kuwa gwamnati ta riga ta ɗanɗana nauyin irin wannan alkawari a tashar gas ta Azura da ke jihar Edo, inda dole ta biya da dala ko an kwashi wutar ko ba a kwasa ba. Sai ta ja da baya, ta nemi a rage farashin zuwa senti 7.5 bisa hujjar cewa faifan sola ya yi arha a duniya. Hujjar gaskiya ce, sai dai arhar faifai ba ta rage kuɗin ruwan da ake ɗora wa ƙasar da ake shakkar biyanta. A ganin wannan maƙala, ci gaba da sanar da sabon burin megawat ba tare da gyara hanyar karɓar kuɗi ba tamkar an bar jaki ne ana dukan taiki.

Tashar iska ta Lambar Rimi a Katsina, mai megawat 10, ta nuna wata fuskar matsalar. Tunaninta ya faro tun Umaru Musa 'Yar'aduwa yana gwamna, aka ba wani kamfanin Faransa kwangila, aka sace injiniyansa a Rimi a watan Disamban 2012, aikin ya yi ta jan ƙafa fiye da shekara goma. Aikin Mambila a Taraba, mai megawat 3,050, shari'a ta riƙe shi. Ayyukan da aka kammala a fannin hasken rana ƙanana ne, kuma da kuɗin gwamnati kai tsaye: tashar Jami'ar Bayero mai megawat 7.1 da aka buɗe a 2019, da ta Kumbotso mai megawat 10 da aka buɗe a watan Janairun 2023.

5.0 Bunƙasar da Tsadar Mai Ta Haifar

A ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur. Lita da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki, ta zarce 1,000 a ƙarshen 2024. A watan Afrilun 2024 aka ɗaga kuɗin wuta ga masu rukunin A, waɗanda aka yi wa alkawarin awa 20 a rana, daga kimanin naira 68 zuwa 225 kan kowane kilowat na awa ɗaya. A watan Oktoban wannan shekara kuma mafi yawan jihohin Arewa suka shafe fiye da mako guda cikin duhu bayan an lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, layin da ke biyowa ta Makurɗi zuwa Jos shi ma ya samu matsala. Waɗannan abubuwa uku sun sauya lissafin kowane mai janareta. Alƙaluman cibiyar Ember sun nuna cewa cikin wata 12 zuwa Yunin 2025 Nijeriya ta shigo da faifan sola mai ƙarfin fiye da megawat 1,700 daga Sin, ta zama ta biyu a Afirka bayan Afirka ta Kudu. A shekara guda jama'a sun sayi abin da ya zarce dukkan ayyukan nan 14.

An fi ganin tasirin a noman rani. Manomin fadama mai ɗan injin ban-ruwa da gajeriyar rijiyar burtsatse kan ba albasa ko tumatir ruwa duk bayan 'yan kwanaki, kuma kowane ban-ruwa sai ya sayi fetur da kuɗi a hannu, a daidai lokacin da rumbu ya fara sauka. Da fetur ya yi tsada sai wasu suka rage faɗin gona. Wanda ya samu hali yakan sayi faifai huɗu ko shida da famfo, ya jingina su a bakin rijiyar da hantsi, ruwa ya yi ta kwarara har la'asar, da yamma ya ɗaure su a kan babur ko amalanke ya mayar gida don gudun ɓarayi. Ba ya buƙatar batir, wanda shi ne ɓangare mafi tsada kuma mafi saurin mutuwa, domin lokacin ban-ruwa da lokacin rana ɗaya ne. Wannan shi ne amfani mafi riba da hasken rana ke da shi a Arewa, kuma abin takaici shi ne wanda manufofin farko suka fi yi wa riƙon sakainar kashi.

Akwai inda manufa ta yi aiki, kuma ya dace a faɗa. Ƙa'idar ƙananan tashoshin al'umma da NERC ta fitar a 2016, aka sabunta a 2023, ta sauƙaƙa wa mai tashar da ba ta wuce kilowat 100 ba ya yi rajista kawai, ta ba shi damar daidaita farashi da mutanen gari, ta kuma tanadi diyya idan kamfanin rarraba wuta ya iso garin daga baya. A kan wannan ƙa'ida Bankin Duniya ya ba da dala miliyan 350 a 2018, Bankin Raya Afirka ya ƙara miliyan 200, sannan a watan Disamban 2023 aka amince da shirin DARES na dala miliyan 750 da ke son kai wuta ga mutum miliyan 17.5. Sirrin nasarar shi ne mita mai kati: a biya kafin a sha.

6.0 Wa Aka Bari a Baya?

Masu ficewa daga babban layi su ne masu iya biya: masana'antu, otal-otal, asibitocin kuɗi, da gidajen masu hali. Duk wanda ya fice, kuɗin gyaran taransifoma da wayoyi ya koma kan waɗanda suka rage, wato masu ƙaramin ƙarfi. Kamfanin da kuɗin shigarsa ya ragu ba zai zuba jari ba, wuta ta ƙara lalacewa, wasu su ƙara ficewa. Tela da mai walda da mai injin markaɗe a unguwar da ba ta cikin rukunin A su ne suka fi shan wahala, domin injinansu na buƙatar ƙarfin da ƙaramar sola ba ta bayarwa, babbar kuma ta fi ƙarfin aljihunsu. Kayan duk da dala ake shigo da su, naira ta faɗi tun Yunin 2023, kuɗin ruwan bankuna kuma ya kusanci kashi 30 cikin ɗari a 2024.

Ga kuma batun inganci. Kasuwa cike take da faifan da lambar da aka rubuta a bayansa ta zarce ƙarfinsa, da batirin da ba ya shekara biyu. Tsofaffin batura masu dalma ana fasa su a fili ana narkarwa ba tare da kariya ba. Yankin da ya ga yadda gubar dalma daga haƙar zinare ta kashe ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010 bai kamata ya jira a faɗa masa haɗarin ba.

7.0 Dokar 2023 da Nauyin da Ya Hau Kan Jihohi

Gyaran tsarin mulki na watan Maris 2023 da Dokar Lantarki da aka sa wa hannu a watan Yuni sun ba jihohi ikon kafa kasuwar wutarsu da hukumar da za ta kula da ita. Enugu da Ekiti da Ondo ne suka fara karɓar wannan iko a 2024. Ga Arewa akwai dama, akwai kuma tarko. Kamfanin rarraba wuta na KEDCO jihohi uku yake yi wa aiki, Kano da Katsina da Jigawa. Na Kaduna kuwa huɗu, har da Kebbi da Sakkwato da Zamfara. Idan kowace jiha ta kafa hukuma da ƙa'ida da farashinta, mai zuba jari zai fuskanci ƙananan kasuwanni masu tsadar shiga. Zai fi amfani jihohin da ke ƙarƙashin kamfani ɗaya su yi ƙa'ida iri ɗaya.

Wani abin da ake buƙata shi ne rance da naira, mai dogon wa'adi, wanda za a bi da shi ta ƙungiyoyin manoman rani da na masu sana'a, a tsara biyansa da lokacin girbi, tare da zaɓin murabaha ga masu ƙyamar kuɗin ruwa. Maganar hana shigo da faifan sola da wani minista ya taso da ita a 2025 kuwa ta zo da wuri: masana'antun cikin gida galibi harhaɗa sassan da aka shigo da su suke yi, kuma ba su kusa biyan buƙatar kasuwa ba, don haka hanin zai ɗaga farashi ne a kan manomi. Abin da ake buƙata a tashar jiragen ruwa ta Legas da kan iyakoki shi ne hukumar kula da ingancin kaya ta SON ta dinga gwada kaya kafin su shiga kasuwa, sannan a wajabta wa duk mai shigo da batir ya karɓi tsoho a hannun mai sayen sabo.