Yunwar da Ta Tona Asirin Alkama

Ranar da likita ya ce in rabu da alkama har ƙarshen rayuwata, gurasa ce ta fara faɗo min a rai, sai alkaki. Bayan na huce ne na shiga neman wanda ya fara gano cewa burodi na iya lalata hanjin mutum.

Cutar siliyak tsohuwa ce. Kusan shekara dubu biyu da suka wuce wani likitan Girka, Aretaeus, ya siffanta masu zawon da ba ya yankewa, suna ci suna ramewa. A 1888 Samuel Gee na Landan ya rubuta cewa maganinta na cikin abinci. Ya yi gaskiya, sai dai cikin abin da ya yarje wa majinyatansa har da gasasshen burodi. A 1924 Sidney Haas na Amurka ya ɗora yara a kan ayaba, suka murmure, aka yi ta yabon ayaba. Babu wanda ya kula cewa yaron da aka cika wa ciki da ayaba ya daina cin burodi ne.

Mai rubuta manhaja ya san irin wannan: ka taɓa wuri ɗaya matsala ta ɓace, ka ɗauka ka gano ta, alhali sa'a ka ci.

Willem Dicke, likitan yara a birnin Hague na ƙasar Holan, ya fara zargin alkama tun shekarun 1930. Sai ga hunturun 1944 zuwa 1945, lokacin da Jamusawa suka datse hanyoyin kai abinci yammacin ƙasar. Mutane suka koma cin albasar furen tulif da gwozar sukari, kusan 20,000 suka mutu. A cikin wannan masifa yaran da Dicke ke jinya, waɗanda suka saba ramewa lokacin wadata, sai suka fara samun sauƙi. Da fulawar agaji ta iso aka ba su burodi, ciwo ya dawo. Gwajin da babu likita mai imani da zai yi wa yara, yaƙi ya yi shi.

Dicke bai tsaya kan abin da ido ya gani ba. Shi da abokan aikinsa, Weijers da van de Kamer, sun riƙa auna kitsen da ke fita a bayan gidan yara, a ba su alkama a auna, a janye a sake aunawa. Ya gabatar da kundinsa a Utrecht a 1950. Ba a jima ba aka tabbatar cewa laifin na gulutin ne, furotin da ke sa kwaɓin fulawa danƙo. Shi garkuwar jiki ke gani ta auka wa bangon ƙaramin hanji, har ya kasa tsotse abinci.

Ni dai na fi yaran Holan sa'a, domin gero, dawa, masara, shinkafa da acca duk babu gulutin a cikinsu. Tuwo da fura ba su bar ni ba. Inda na sha wuya shi ne injin niƙa na unguwa, wanda ake zuba wa alkama da safe, a zuba geron kununa da rana. Sau biyu ina kwanciya kafin na gane, daga nan muka sayi ƙaramin inji a gida.